EVE Online: Da Gaske An Ƙona Dala 378,000 a Yaƙin Wasan Kwamfuta?

Shin da gaske ne mutane sun yi asarar dubban ɗaruruwan daloli a dare guda, a yaƙin jiragen sararin samaniya da ba su wanzu ko'ina ba sai a fuskar kwamfuta? Idan kuma haka ne, wasan ne ya kai daɗin da za a yi masa wannan ɓarna, ko masu yinsa ne suka zautu?

Tambayar takan taso duk lokacin da labarin EVE Online ya tsallake da'irar masu wasa ya shiga kafafen yaɗa labarai. Ta taso a Janairun 2014 bayan yaƙin B-R5RB (sunan yankin taurarin da aka gwabza a cikin wasan ke nan), wanda aka ƙiyasta ɓarnarsa ta kai wajen dala 300,000. Ta sake tasowa bayan yaƙin M2-XFE na daren 30 ga Disamba 2020, wanda kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin yaƙi mafi tsada a tarihin wasannin kwamfuta, da ƙiyasin kusan dala 378,000. Masu jin labarin sukan kasu biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne da rashin aikin yi. Wasu kuma su ɗauka lallai wannan shi ne wasan yaƙin da ya fi kowanne armashi, su garzaya su sauke shi, kafin mako ya zagayo sun goge shi suna tsaki. Duka ɓangarorin akwai abin da ya shige musu duhu.

Wane irin wasa ne

Kamfanin CCP Games da ke Reykjavik, babban birnin Aislan, shi ya fitar da EVE Online a watan Mayun 2003. Labarinsa yana faruwa ne a wani sashe na sararin samaniya mai suna New Eden, inda yankunan taurari fiye da 7,000 suke. Ɗan wasa matuƙin jirgi ne da ba ya mutuwa: in an kashe shi, sai ya farka a sabuwar gangar jiki. Jirginsa kuwa ba ya dawowa.

Abu biyu suka raba shi da takwarorinsa. Na farko, in ban da ƙasar Sin da ke da nata sashen daban, duk masu wasan suna cikin duniya guda a kan saba guda, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan, mai suna Tranquility. Yawancin wasannin intanet sukan rarraba jama'a gida-gida don kada nauyi ya yi yawa. A nan ba a yi haka ba, shi ya sa abin da ya faru a wani lungu yakan taɓa farashin kaya a wani lungun. Na biyu, kusan duk jirgin da ake hawa da harsashin da ake harbawa, 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansa, suka ƙera, suka kai kasuwa. Tattalin arzikin ya yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki na gaske, Dokta Eyjólfur Guðmundsson, aiki don ya riƙa sa ido a kansa.

Daga ina lissafin dalolin ya fito

Kuɗin cikin wasan sunansa ISK. Akwai kuma wani abu mai suna PLEX, wanda mutum zai iya saya daga kamfanin da kuɗin gaske, sannan ya sayar wa wani ɗan wasa a kasuwar wasan ya karɓi ISK. Wanda ya saya sai ya biya kuɗin wata da shi. Tunda PLEX yana da farashi a dala, yana kuma da farashi a ISK, sai aka samu ma'aunin canji. Da shi ake cewa jirgi kaza ya kai dala kaza.

Sai dai ƙofar a gefe guda take buɗewa. Dala tana iya zama ISK, amma dokar wasan ta haramta mayar da ISK dala, kuma wanda aka kama yana yi ana rufe masa asusu. Don haka ISK tiriliyan 11 da aka ce sun salwanta a B-R5RB ba kuɗi ne da suka fita daga asusun bankin kowa a daren ba. Mafi yawan jiragen da suka ƙone, da gumin haƙar ma'adinai da harajin ƙungiyoyi aka gina su cikin watanni da shekaru. Kamar manomin da rumbunsa ya kama wuta ne: ana iya lissafa asararsa da farashin kasuwa, amma abin da ya tafi a zahiri wahalar damina ce.

Wannan bai mayar da asarar wasa ba. Lokacin mutum ma dukiya ne, kuma a nan ne ƙarfin wasan da rauninsa suka samo tushe.

Yadda ake gwabzawa

Wanda ya zo da zaton zai riƙe sitiyari yana kauce wa harsasai yana bin abokin gaba a baya, zai sha mamaki. A EVE ba ka tuƙa jirgi da hannu yadda ake yi a wasan Elite Dangerous. Umarni kake bayarwa: kewaya wancan jirgin a nisan kilomita kaza, matsa kusa da shi, tsaya nesa da shi. Ka kulle shi a na'urar saiti, ka kunna bindigogi, lissafi ya yanke ko an same shi. Sabar ma sau ɗaya a daƙiƙa take sabunta abin da ke faruwa, don haka saurin yatsa ba ya ba ka fifiko mai yawa.

A ido abin ba ya burgewa. Masu wasan da kansu suna yi masa kirari da takardar lissafi a sararin samaniya, kuma kamfanin ya rungumi tsokanar, har a 2023 ya fitar da wata manhaja tare da Microsoft mai jawo bayanan wasan kai tsaye zuwa Excel, manhajar takardar lissafi ta Microsoft. Amma a ƙarƙashin wannan fuska mara fara'a akwai tsarin faɗa mai zurfin da ba kasafai ake samun irinsa ba.

Ɗauki batun bindiga. Ko harsashi zai samu jirgi ya dogara da nisansa, da girmansa a na'urar saiti, da kuma saurin da yake gilmawa ta gaban bakin bindigar. Manyan bindigogin babban jirgin yaƙi suna da ƙarfi, amma a hankali suke juyawa. Ƙaramin jirgi mai arha in ya samu ya shige jikin babban yana kewaya shi da gudu, sai a yi ta harbi ana kuskure. In kuwa ya yi gangancin tunkararsa a miƙe, harbi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka sabon matuƙi da ya fahimci kusurwa yana iya tsare tsohon hannu mai jirgin da ya ninka nasa tsada sau ɗari.

Kowane jirgi yana da kariya hawa uku: garkuwa, sulke, sannan gangar jiki. Ɓarnar makamai iri huɗu ce, kuma kowace kariya tana da irin da take jurewa da irin da ke ratsa ta. Dauloli huɗu ne a labarin wasan, kowacce da salonta. Amarr sun dogara da lesa da sulke mai kauri, Caldari da makamai masu linzami da garkuwa, Gallente da ƙananan jirage marasa matuƙi da bindigogin kusa, Minmatar kuwa da gudu. Guraben ɗora na'urori a jirgi ƙidayayyu ne, wutar da za ta ɗauke su ma ƙayyadajjiya ce. In ka ƙara sulke ka yi nauyi. In ka ƙara gudu ka rage kariya. Rabin faɗan a tasha ake cin sa ko a faɗi, tun kafin a tashi.

Sai kuma abin da na fi yaba wa wasan a kai, wato rabon aiki. Jirgi yana iya tserewa daga fili cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka dole a samu mai riƙe shi da na'urar da ke hana shi ficewa, wadda ta fi nisan zango a cikin na yau da kullum ba ta wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba. Dole a samu masu gyara sulken abokai a tsakiyar wuta, da masu rikita na'urorin abokan gaba, da 'yan leƙen asiri a mashigan da ke haɗa yankunan taurari, da kwamandan da ke kiran sunan wanda za a haɗu a kai. A faɗan mutum goma da goma, ko talatin da talatin, kowa yana jin nauyin da ke wuyansa. In mai riƙewa ya makara da daƙiƙa uku, nama ya tafi. A wannan ma'auni, a ganina, EVE ba shi da na biyu.

Mai neman ilimin kimiyya dai kada ya wahalar da kansa. Jiragen suna da iyakar gudu, suna kuma tsayawa in an kashe inji, abin da ba ya faruwa a sararin da babu iska.

Abin da ke sa hannu rawa

Masu wasan suna da wata doka da suke faɗa wa duk sabon zuwa: kada ka hau jirgin da ba za ka iya jure rasa shi ba. In an fasa jirginka, ya tafi ke nan. Inshora tana biyan wani kaso na kuɗin gangar jirgin kawai. Na'urorin da ka ɗora, kowacce tana tsakanin ta ƙone ko ta faɗo a tarkace wanda ya kashe ka ya kwashe. Wasan kuma yana fitar da takardar shaidar kisa mai ɗauke da sunanka da na waɗanda suka taru a kanka da duk abin da ke cikin jirgin, wadda galibi takan ƙare a shafukan da kowa ke dubawa.

Wannan ne ke sa faɗan da a ido lambobi ne kawai yake sa zuciya bugawa. A wasan da mutum ke mutuwa ya tashi da kayansa cif, nasara ba ta da nauyi. A nan kuwa kowane harbi yana cin wani abu da aka sha wahalar tarawa. Ɓarnar ce kuma ke riƙe da kasuwa, domin da jirage ba sa ƙonewa da maƙera sun rasa masu saye.

Daga nan siyasa ta shigo. A yankunan da babu doka, ƙungiyoyin 'yan wasa suna mallakar ƙasa, suna karɓar haraji, suna ƙulla ƙawance, suna dasa 'yan leƙen asiri a cikin juna. Yaƙin B-R5RB ma sakaci ne ya haddasa shi: kuɗin riƙe yankin da ya kamata wata ƙungiya ta ɓangaren ƙawancen Pandemic Legion ta biya bai shiga ba, ikon yankin ya suɓuce, abokan gaba suka ga ƙofa a buɗe suka afka. Ba marubucin kamfani ne ya tsara wannan ba. An yi sa'o'i 21 ana fafatawa, matuƙa fiye da 7,500 suka shiga, aka fasa Titan 75, wato jirage mafi girma a wasan, waɗanda tsawon kowanne ya haura kilomita 13. Kamfanin ya bar tarkacensu a wurin a matsayin abin tunawa, har yau ana zuwa kallo.

Inda gizo ke saƙar

Labarin yana da daɗin ji. Zama a cikinsa kuwa wani abu ne daban.

Kwamfuta ɗaya ce ke ɗaukar nauyin yankin da ake yaƙi, kuma in mutum dubu biyu ko uku suka taru kowa yana ba da umarni, ba ta iya bi. A da sai komai ya daskare, wasu su mutu ba su ma ga filin ba. Maganin da kamfanin ya kawo a farkon 2012 shi ne rage gudun agogon wasan a yankin da cunkoso ya yi yawa, har zuwa kashi 10 cikin 100. Ma'ana, abin da zai ɗauki daƙiƙa ɗaya sai ya ɗauki goma. Dabara ce mai kyau, domin ta sa ana bin umarni bi da bi ba a zubar da na kowa. Amma ka yi lissafi: sa'o'i goma a wannan yanayi, sa'a ɗaya ce a agogon wasan. In cunkoson ya wuce abin da ragin zai ɗauka, mutum yakan danna bindiga ya jira mintuna kafin ta amsa.

A irin wannan taro, duk zurfin da na yaba a sama yakan narke. Kusurwa da gwanintar tuƙi ba su da sauran tasiri in jirage ɗari biyar suka saita mutum ɗaya. Matuƙi na ƙasa aikinsa ya bi jirgin kwamanda, ya kulle sunan da aka kira, ya danna maɓalli ɗaya. Su da kansu suna kiran irin waɗannan matuƙa biran F1, saboda maɓallin da ke kunna bindiga ke nan. Yawanci ma sukan rage ingancin hoto su ja kyamara nesa don kwamfutarsu ta iya ɗauka, sai ya zama abin da ke gabansu ɗigo-ɗigo ne masu launi da jerin sunaye. Hotunan ban sha'awa da ake gani a talla, ba su mayaƙin ke kallo ba.

Yaƙin M2-XFE ya nuna iyakar abin. A karon farko na yaƙin an fasa Titan 257, kuma abin da ya raba faɗan shi ne rufe sabar da ake yi kullum da ƙarfe 11 na safe agogon GMT. Da aka dawo karo na biyu a farkon Janairun 2021, jama'ar da suka yi yunƙurin shiga sun fi ƙarfin sabar. Jiragen ɓangaren da ya kawo hari, wato ƙawancen PAPI, da yawa suka maƙale a hanyar shiga, masu su ba sa ganin komai, wasu kuma suka tsinci kansu a tarko a cikin yankin. Yaƙin da aka yi wata da watanni ana shiri, gazawar na'ura ta yi masa hukunci. Wanda ya riga shiga fili ya cika shi yana da fifikon da ba jarumta ce ta ba shi ba, kuma kwamandoji sun san haka, suna kuma amfani da shi.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan daɗewa. Tunda asara tana da zafi, mutane suna gudun faɗan da ba su da tabbacin ci. Ana iya yin sa'o'i biyu ana yawo daga mashigi zuwa mashigi ba a samu wanda zai tsaya ba, in kuma an samu, sau da yawa goma ne a kan ɗaya. Ƙananan ƙungiyoyi sukan fake a ƙarƙashin manya don tsira, manyan su ƙara kumbura, har taswirar ta koma hannun ɓangarori ƙalilan masu tsoron taɓa juna. Tsoron asarar da ya ba faɗan daraja, shi ne dai yake sa a daɗe ba a yi shi ba.

Sabon shiga

Tun Nuwamban 2016 ana iya yin wasan kyauta, da iyaka a kan jiragen da za a hau da ƙwarewar da za a koya. Cikakken asusu kuwa kusan dala 20 ne a wata tun 2022.

Ƙwarewa a EVE da agogon duniya take tafiya, ko kana wasa ko kana barci. Wannan ya yi wa mai aiki da iyali daɗi, tunda ba sai ya kwana a gaban kwamfuta ba. Amma kuma yana nufin akwai jiragen da ba za ka hau ba sai bayan watanni, komai ƙwazonka. Allon wasan cike yake da tagogi da jadawali, kuma duk da an sha gyara darasin farko, ainihin koyon a hannun sauran 'yan wasa yake. Wanda bai shiga ƙungiya ba da wuya ya daɗe.

Ko a yankunan da ake kira masu tsaro, 'yan sandan wasan, CONCORD, hukunta mai laifi suke yi bayan ya aikata, ba kare ka suke yi ba. Gungun mutane suna iya lissafa cewa kayan da ka ɗauko sun fi jiragensu tsada, su fasa ka, a fasa su, abokinsu ya kwashe ganima. Damfara ma halal ce a dokar wasan muddin a cikinsa aka yi ta, kuma kasuwar Jita, wadda ta fi kowacce girma, ba ta rabuwa da masu tallan ƙarya. Tsofaffin hannu suna cewa wannan ne gishirin wasan. Ina ganin gaskiyarsu rabi ce. Cin amanar da aka shekara ana ƙullawa tsakanin manyan ƙungiyoyi labari ne mai daɗi. Tare wanda ya fara jiya a fasa masa jirgin haƙar ma'adinai kuwa ba ya buƙatar wata dabara, kuma wasan da ke neman sababbin jini shi ke biyan kuɗin wannan nishaɗin.

Kuɗi yana sayen nasara?

Masu cewa e suna da hujja. Da PLEX ana sayen ISK, da ISK ana sayen jirgi, kuma tun 2016 ana sayen allurar ƙwarewa da ke tsallake jiran watanni. Mai asusu biyar da yake biya wa duka yana iya zama runduna shi kaɗai, duk da an hana aika umarni ɗaya ga asusu da yawa a lokaci guda tun 2015.

Masu cewa a'a su ma suna da tasu. Jirgi mai tsada a hannun wanda bai iya ba ganima ce kawai, kuma takardun kisa cike suke da irinsu. Abin da kuɗi ke saya shi ne lokaci da damar sake tashi bayan faɗuwa. Wannan ba ƙaramin fifiko ba ne a wasan da juriya ke yanke hukuncin yaƙi, amma ba ya cin faɗa shi kaɗai.

Jama'ar wasan suna da kaifin ido a wannan batu. A 2011 da kamfanin ya fito da gilashin ido na ado da kuɗinsa ya kai wajen dala 70, aka kuma ji ƙishin-ƙishin ana tunanin sayar da abubuwan da ke ba da fifiko, dubbai suka taru a Jita suna harbin wani gunkin tunawa don nuna fushi, wasu suka soke biyan kuɗin wata. Sai da aka gayyaci majalisar wakilan 'yan wasa, wadda ake zaɓa tun 2008, zuwa Aislan, daga baya shugaban kamfanin Hilmar Veigar Pétursson ya fito ya nemi afuwa. Da kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya sayi CCP a 2018 a cinikin da aka ce zai iya kaiwa dala miliyan 425, tsoron da aka fara bayyanawa shi ne dai wannan.

Ga mai tunanin gwadawa

Wanda yake da rabin sa'a da yamma yana son ya harba ya huta, Everspace 2 ko Star Wars: Squadrons za su fi yi masa amfani. EVE yana cin lokaci, kuma ba kai kake zaɓar lokacin ba. In an kai wa tashar ƙungiyarku hari, agogon wasan ne ke sa ranar kare ta, ko da ta faɗo ƙarfe uku na dare a inda kake. Mai rauni wajen kashe kuɗi shi ma ya yi hattara, domin bayan kowace asara hanyar sayen PLEX a buɗe take, kuma a nan ne dalolin gaske suke fita, kaɗan-kaɗan, ba a yaƙin da ya shiga Guinness ba.

Wanda kuma ya ƙudura zai shiga, ya fara da asusun kyauta. Ya nemi ƙungiyar da ke koyar da sababbi, irin EVE University da ke wannan aiki tun 2004. Ya sayi ƙananan jirage masu arha guda goma, ya ɗora wa kowanne na'urar riƙe abokin gaba, ya bi ƙaramar runduna da niyyar cewa duk goman za su ƙone.